Osuntokun: Likitan da ya bi sawun cutar tangaɗi har cikin tukunyar talaka

A ranar 22 ga Satumba, 1995, Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun ya rasu a birnin Cambridge na ƙasar Ingila yana da shekara 60. Ya bar rubuce-rubucen bincike fiye da 300, akasarinsu a kan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a tsakanin 'yan Afirka. A arewacin Nijeriya kaɗan ne suka san sunansa in ba likitoci ba, alhali tambayar da ya ƙare rayuwarsa yana bi ta shafi kowane gida da ke da dattijo mai karkarwar hannu ko magidanci da tafiya ta fara gagara: me ke lalata jijiyar talaka, kuma wa ke da alhakin ganowa?

Daga Okemesi zuwa Ibadan

An haife shi ranar 6 ga Janairu, 1935, a garin Okemesi da ke cikin Jihar Ekiti ta yau. Ya yi sakandare a makarantar Christ's School ta Ado-Ekiti, sannan ya karanci likitanci a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda a lokacin reshe ce ta Jami'ar Landan. Ya kammala a 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai. Daga nan ya ƙaro ilimi a Birtaniya, a biranen Cardiff da Newcastle da Landan, inda ya zauna ƙarƙashin manyan masanan jijiyoyi irin su Henry Miller da John Walton. A tsakiyar shekarun 1960 ya dawo Ibadan, kuma a 1970, yana da shekara 35, ya zama farfesa.

A wancan zamani babu likitan da ke iya ganin naman ƙwaƙwalwar mai rai kai tsaye, ko a Turai. Hoton eksire ƙashin kai kawai yake nunawa sosai. In ana neman ƙari a ƙwaƙwalwa, sai dai a ɗura wa majiyyaci iska ta ƙashin baya, ko a zuba wani ruwa a jijiyar wuyansa, a ɗauki hoto a yi ta nazarin inuwa. Sai a watan Oktoban 1971 aka fara ɗaukar hoton kan majiyyaci da na'urar CT a wani asibiti a Landan, ƙirƙirar injiniya Godfrey Hounsfield. Saboda haka aikin da ya fito da sunan Osuntokun an yi shi ne da ido, da hannu, da gwajin jini, da na'urar auna saurin saƙo a cikin jijiya.

Cutar da ke bin masu cin rogo

A yankin Epe da ƙasar Ijebu, likitoci sun daɗe suna ganin wata cuta mai ban tausayi. Takan fara da zugi ko dindiris a tafin ƙafa. Sannu a hankali mutum ya daina jin inda ƙafarsa take, sai ya riƙa tafiya yana buɗe ƙafafu yana tangaɗi kamar wanda ya sha ya bugu, musamman cikin duhu. Wasu ganinsu ya dushe, wasu jinsu ya yi nauyi. Osuntokun bai fara ganin cutar ba, amma shi ya yi mata bincike mai zurfi. A 1968 ya wallafa nazarin majiyyata 84 a mujallar Brain, ɗaya daga cikin tsofaffin mujallun wannan fanni a duniya.

Abin da ya lura da shi a bayyane yake ga duk mai son gani: kusan dukkan masu cutar matalauta ne, kuma rogo ne abincinsu safe da yamma. Tare da abokan aikinsa G. L. Monekosso da John Wilson, ya fita daga asibiti ya kwatanta ƙauyuka biyu, Ososa inda rogo ya mamaye tukunya, da Akinmorin inda doya ta fi yawa. Cutar ta yi katutu a Ososa, kuma jinin mutanen garin ya nuna alamar yawan gubar sayanayid da jiki ya sarrafa. An wallafa sakamakon a 1969.

Yadda abin yake shi ne, rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da wani sinadari mai suna linamarin, wanda ke sakin sayanayid idan aka fasa saiwar. Jiƙawa na kwanaki, da tsimawa, da shanyawa, da suya, su ke fitar da yawancin gubar. Ragowar da ta shiga ciki kuwa, jiki na buƙatar sinadaran da ke cikin abinci mai gina jiki, kamar nama da kifi da ƙwai, kafin ya mayar da ita abin da zai fita ta fitsari. Wanda talauci ya sa ya gaggauta sarrafa rogonsa, kuma ya hana shi nama, ya sha kashi ta fuska biyu. Wannan bincike ne ya ba Osuntokun digirin digirgir a Ibadan.

Bai tsaya a bayani ba. Ya gwada ba majiyyatan bitamin na rukunin B a gwaji mai tsari, kuma da sakamakon bai nuna wani sauƙi na a zo a gani ba, ya wallafa hakan yadda yake. Har yau masana na muhawara a kan ko sayanayid kaɗai ne sanadi, ko kuwa akwai hannun ƙarancin bitamin B1. Sai dai babu mai musun cewa cutar tana bin talauci da abinci iri guda. Wata 'yar'uwarta mai suna konzo, wadda ke sandarar da ƙafafu farat ɗaya, ta ɓarke a arewacin Mozambik a 1981 lokacin fari, sa'ad da yunwa ta tilasta wa jama'a cin rogo mai ɗaci ba tare da sarrafa shi yadda ya kamata ba.

Ƙidaya gida-gida

Littattafan likitanci na zamanin mulkin mallaka cike suke da ikirarin cewa wasu cututtukan jijiyoyi ba su cika kama baƙar fata ba. Hujjar masu wannan magana ita ce ba su ga masu cutar a asibiti ba. Osuntokun ya fahimci raunin hujjar, domin wanda ba shi da kuɗin mota ba ya shiga kundin asibiti. Maganin wannan shi ne a je a ƙwanƙwasa ƙofa.

Tare da Bruce Schoenberg na Amurka da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya taimaka wajen tsara wasu 'yan tambayoyi da gwaje-gwaje masu sauƙi da ma'aikacin lafiya wanda ba likita ba zai iya yi, a tace waɗanda ake zargi, sannan ƙwararre ya duba su. Da wannan dabara aka bi mutum kusan 19,000 a Igbo-Ora a farkon shekarun 1980.

Sakamako biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko ya shafi farfaɗiya: a Igbo-Ora, inda Jami'ar Ibadan ta daɗe tana gudanar da shirin lafiyar karkara, an sami kimanin mutum 5 cikin 1,000, amma a ƙauyen Aiyete da ke yanki ɗaya da ita an sami 37 cikin 1,000. Jama'a iri ɗaya ne, harshe ɗaya. Babban bambancin da masu binciken suka nuna shi ne samun awon ciki, da haihuwa a hannun ungozoma mai horo, da rigakafi, da maganin zazzaɓin yara.

Na biyu ya shafi cutar Parkinson, mai sa karkarwar hannu, da sandarewar gaɓɓai, da jan ƙafa. A 1988 aka wallafa kwatanci tsakanin Igbo-Ora da gundumar Copiah ta Jihar Mississippi. A Amurka, yawan cutar a tsakanin baƙaƙe da farare ya yi kusan daidai, amma ya ninka na Igbo-Ora kusan sau biyar. Tunda kakannin baƙaƙen Amurka da yawa daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, wannan ya karkatar da hankali daga launin fata zuwa muhalli da yanayin rayuwa. Irin wannan tunani ne ya haifar da binciken gigin tsufa na Ibadan da Indianapolis, wanda ya fara da Hugh Hendrie a 1992, kuma ya ci gaba shekaru da dama bayan rasuwarsa.

Na'ura ta iso lokacin tsuke bakin aljihu

Osuntokun ya shugabanci tsangayar likitanci ta Ibadan daga 1974 zuwa 1978, ya karɓi lambar yabo ta ƙasa ta ƙwazon ilimi a 1984, ya kuma shugabanci kwamitin da ke ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara kan bincike. Daga 1985 zuwa 1990 shi ne babban daraktan Asibitin Koyarwa na Ibadan. A zamaninsa ne, a 1987, aka kafa na'urar CT ta farko a Nijeriya a wannan asibiti, shekara 16 bayan Landan. Lokacin ya zo daidai da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, wanda aka fara a 1986. Naira ta faɗi, kayan aikin da ake sayowa daga waje suka yi tsada, ƙwararrun likitoci suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya da Turai da Amurka.

Tun daga nan fasahar hoton ƙwaƙwalwa ta yi nisa. Na'urar MRI na nuna ƙananan sassan da ke can cikin ƙwaƙwalwa masu daidaita motsi, kuma akwai wani nau'in hoto da ke auna raguwar jijiyoyin dofamin, sinadarin da ke ƙaranci ga mai cutar Parkinson. Duk da haka, har gobe da duban ƙwararren likita ake tabbatar da cutar. Hoto na taimakawa ne wajen kawar da zargin ƙari, ko shanyewar ɓarin jiki, ko taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Cutar rogon da Osuntokun ya bincika kuwa, ɓarnarta na cikin jijiyoyin ƙafa da laka da jijiyar ido da ta kunne. Da a ce hoton kai kawai aka dogara da shi, da ba a kai ga tukunya ba.

Abin da ya rage wa Rano da Kibiya

A ƙananan hukumomi irin su Rano da Kibiya a kudancin Kano, dattijon da hannunsa ke rawa akan ce tsufa ne, in kuma matashi ne a ce iska ko sammu. Kafin a kai shi gaban likitan jijiyoyi, sai an yi tattaki zuwa birni, zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Murtala Muhammad, a biya kuɗin mota, da na kati, da na hoto in an rubuta. Wanda bai iya ba, ba ya cikin lissafin kowa. Alhali cutar Parkinson na da magani, lebodofa, wanda tun ƙarshen shekarun 1960 yake mayar da masu ita kan ƙafafunsu na tsawon shekaru.

Rogon da ake dafawa a ci da ƙuli-ƙuli a ƙasar Hausa galibi mai zaƙi ne, gubarsa kaɗan ce. Darasin ya wuce rogo. Maganin feshin da manomi ke fesawa ba tare da rufe hanci ba, wanda bincike a ƙasashe da dama ya danganta wasu nau'o'insa da cutar Parkinson, da gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, duk irin tambayoyin da Osuntokun ya koyar da a yi ne: me mutane ke ci, me suke shaƙa, su nawa ne suka kamu?

Sayen na'ura mai tsada abu ne da ɗan siyasa ke so, domin ana yanka kirtani a ɗauki hoto. Ƙidayar majiyyata gida-gida ba ta da bikin buɗewa, amma ita ce ke nuna inda ya kamata a ajiye na'urar, da yawan maganin da za a saya, da ƙwararru nawa za a horar. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dabarar da aka yi amfani da ita a Igbo-Ora fiye da shekara 40 da suka wuce tana nan a rubuce, kuma ma'aikatan lafiya na matakin farko da ke ƙauyuka za su iya koyonta. Abin da take buƙata shi ne layi guda a kasafin kuɗin jiha, da 'yan mazaɓar da za su tambayi wakilinsu dalilin da ya sa babu shi.