Claude Monet, Mai Zanen da Ya Koyi Duban Haske

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona a Gummi ko Anka lokacin kaka ya san cewa tarin karan dawa ba launi ɗaya gare shi ba. Da asuba toka-toka ne, da rana fari fat, da almuru kuma ja kamar garwashi. Akwai wani mutumin Faransa da ya ƙare ransa yana bin wannan canji da fenti. Sunansa Claude Monet.

An haife shi a birnin Faris ran 14 ga Nuwamba, 1840, ya girma a Le Havre, garin bakin teku. Ubansa ɗan kasuwa ne, ya so yaron ya gaje shi. Shi kuwa sai zanen barkwanci na fuskokin mutane, yana sayarwa. A nan wani mai zane, Eugène Boudin, ya ga hannunsa, ya ja shi zuwa fili, ya nuna masa yadda ake zana sama da ruwa da fentin mai. A 1861 aikin soja ya kai shi Aljeriya, inda hasken Afirka ya ƙara buɗe masa ido, kafin rashin lafiya ta komar da shi gida.

A zamanin nan a ɗaki ake zane, ana shafe fenti sumul. Monet ya ɗauki kayansa ya fita waje. Yakan ɗiga launuka gajeru-gajeru kusa da juna ba tare da ya gauraya su ba, idon mai kallo ne ke haɗa su daga nesa. Inuwa ma ba ya yi mata baƙi, sai shuɗi ko shunayya, gama haka take in an duba da kyau. Kuma yakan yi sauri, domin rana ba ta jiran kowa.

Bai sha da daɗi ba. A 1874 shi da abokansa suka nuna ayyukansu a Faris. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ga zanensa na fitowar rana a tashar jiragen Le Havre, ya yi musu ba'a cewa aikin bai ƙare ba. Daga wannan ba'a salon ya sami sunansa na Faransanci. Bashi ya yi masa katutu, matarsa Camille kuma ta rasu a 1879, ta bar shi da 'ya'ya biyu.

Bai canza hanya ba. A 1883 ya koma ƙauyen Giverny. Tsakanin 1890 da 1891 ya zana tarin alkama na gonar maƙwabcinsa wajen sau 25, yana canza ƙyallen zane duk lokacin da haske ya juya. Haka kuma ya yi wa fuskar babbar majami'ar Rouen, wajen sau 30. Daga nan masu saye suka yi ta rububin aikinsa.

Da tsufa yana ta rufe masa ido, aka yi masa aiki a 1923, ya ci gaba da zana furannin bado na tafkin lambunsa. Ya rasu ran 5 ga Disamba, 1926, yana da shekara 86, aka binne shi a makabartar majami'ar Giverny.

Yaranmu masu zane a bayan littafin makaranta, kada mu kwaɓe su. A fitar da su bakin gulbi su koyi dubawa tukuna, gama daga nan Monet ya fara.