Likita John Snow da Rijiyar Titin Broad

A ƙasarmu rijiya ita ce uwar gari, har wurare da yawa da sunan rijiyarsu a ke kiransu, kamar Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo a nan gefen Kano. In ruwanta na da kyau kowa ya sha lafiya, in kuwa ya ɓaci ba ya barin mai unguwa, ba ya barin almajiri. Tun da ya ke da yawa daga cikinmu ƙauyuka za a tura mu koyarwa, inda malamin makaranta a kan fara tambaya in abu ya rikice, ya kyautu mu san labarin wani likita na Ingila wanda ya gane rijiya ce ke kashe mutanen wata unguwa, ya sa aka hana ɗibanta.

An haifi John Snow a birnin York ran 15 ga watan Maris, 1813. Ubansa lebura ne a wurin sayar da kwal, shi ne kuwa ɗan fari cikin 'ya'ya tara. Da ya shekara 14 sai aka kai shi Newcastle wurin wani likita, William Hardcastle, ya koyi aiki. Yana can annobar kwalara, watau amai da gudawa, ta shigo Ingila a 1831. A 1832 maigidansa ya aike shi Killingworth ya yi jiyyar masu haƙar kwal. Mutanen nan cikin rami su ke wuni, nan su ke cin abinci, nan kuma su ke kewayawa, babu ruwan wanke hannu. Abin da ya gani a wurin bai fita ransa ba.

A 1836 ya taka da ƙafa har London don ƙara karatu. Mutum ne mai kamewa, tun yana saurayi ya bar cin nama da shan giya, bai kuwa taɓa aure ba. Abin da ya fara ta da sunansa shi ne maganin sa barci da a ke shaƙa wa majiyyaci kafin a yi masa aiki. Ya gwanance wajen auna shi, har a 1853 aka kira shi ya shaƙa wa Sarauniya Victoria sa'ad da za ta haihu, aka kuma sake kiransa a 1857.

To, a zamanin nan manyan likitoci sun tsaya a kan cewa mugun wari da ke tashi daga juji da kwatami shi ke kawo kwalara. Kada mu yi musu dariya, gama inda wari ya fi yawa nan a kan fi mutuwa. Amma Snow ya san sha'anin numfashi fiye da kowa, sai ya tambayi kansa, in iska ce ke ɗauke da cutar, don me ta ke kama ciki ta bar huhu? A 1849 ya buga wani ɗan littafi, ya nuna cewa dafin yana fita cikin bayan gidan majiyyaci, ya shiga ruwa, wani ya sha. Kusan ba wanda ya kula shi.

Ana nan, ran 31 ga watan Agusta, 1854, sai annoba ta faɗa wa unguwar Soho, kusa da gidansa. Cikin kwana uku mutum 127 suka mutu, kafin kwana goma sun kai 500. Masu hali suka rufe gidajensu suka gudu. A tsakiyar unguwar, a Titin Broad, akwai wata rijiya mai famfon hannu wadda ruwanta ya yi suna don sanyi da daɗi, har mutane kan wuce famfon da ke kusa da su su zo nan. Snow ya ɗebi ruwan ya duba, bai ga wani abin a zo a gani ba. Wani da ya tsaya nan. Shi kuwa sai ya tafi ofishin da a ke rubuta mutuwa, ya karɓo sunayen mamata, ya bi 83 daga cikinsu gida gida yana tambayar inda su ke ɗiban ruwa. Goma kaɗai ya tarar gidajensu sun fi kusa da wani famfo dabam. Cikin goman nan ma, biyar danginsu suka gaya masa ruwan Titin Broad su ke aikawa a ɗebo musu, uku kuma yara ne da ke zuwa makaranta kusa da famfon.

Bai tsaya ga matattu kaɗai ba, ya bi waɗanda suka tsira, a ganina kuwa nan ne hikimarsa ta fi fitowa. Akwai gidan gajiyayyu a Titin Poland mai mutum 535, annoba ta kewaye shi ta ko'ina, amma biyar kaɗai suka mutu. Ashe suna da rijiyarsu a cikin gida. Akwai kuma gidan dafa giya a Titin Broad ɗin kansa, ma'aikata wajen 70, ko ɗaya bai mutu ba, don ba su shan ruwan famfon. Sa'an nan ga wata tsohuwa can Hampstead, nesa da Soho, inda babu annoba. Dā a Titin Broad ta ke zaune, ta saba da ruwan, kullum a kan kai mata shi cikin babbar kwalba. Ta sha, ta rasu ran 2 ga Satumba. Wata 'yar'uwarta da ta zo gaishe ta, ta sha, ita ma ta koma gida ta rasu. Wane wari ne zai tsallake gari guda ya zaɓi mata biyu?

Ran 7 ga Satumba da maraice ya je gaban dattawan da ke riƙe da unguwar, ya shimfiɗa musu lissafinsa. Ba su gamsu ba, amma suka ga cire hannun famfo ba ya cin kuɗi, in ma likitan ya yi kuskure iyakar hasara a je ɗiban ruwa nesa. Kashegari aka cire shi. Mutane kan ce nan take annoba ta tsaya. Ba haka ba ne, Snow da kansa ya rubuta cewa ta riga ta fara sauƙi domin jama'a sun watse.

Amfanin cirewar sai daga baya ya bayyana, ta hannun wani matashin limamin coci na unguwar, Henry Whitehead. Shi da farko don ya ƙaryata Snow ya shiga bincike, da ya ke ya san kowa a unguwar. Yana cikin bin takardu sai ya ci karo da wata jaririya a gida mai lamba 40, wadda ta kamu da gudawa kafin annoba ta ɓarke. Uwar ta riƙa wanke tsummokinta tana zuba ruwan a ramin masai na ƙofar gida. A 1855 aka tona, aka tarar tubalin ramin ya ruɓe, tsakaninsa da rijiya bai kai ƙafa uku ba, ƙazanta na tsiyaya a ciki. Uban yarinyar kuwa ya kwanta da cutar a ranar da aka cire hannun famfon, aka koma zuba ruwan wanki a ramin nan. Da an bar rijiyar a buɗe, mai yiwuwa da an sake sabuwar jana'iza. Duka duka mutum 616 suka mutu.

A shekaran nan ta 1854 ya kuma gwada kamfani biyu masu sayar da ruwa a kudancin London. Ɗaya na ɗiba daga kogin Thames inda ƙazantar gari ke zuba, ɗayan ya riga ya koma can sama da gari. A mako bakwai na farkon annoba, cikin kowane gida 10,000, na fari mutum 315 suka mutu, na biyu 37. Duk da haka hukumar lafiya ta ƙi maganarsa, da ƙura ta lafa ma aka mai da hannun famfon.

Ciwon shanyewar jiki ya kama shi yana cikin rubuta littafi a kan maganin sa barci, ya rasu ran 16 ga watan Yuni, 1858, yana da shekara 45, aka binne shi a maƙabartar Brompton. Bai taɓa ganin ƙwayar cutar da ya yi ta farauta ba. Wani malami a Italiya, Filippo Pacini, ya hango ta da madubin likita tun 1854, amma sai da Robert Koch na Jamus ya ware ta a Kalkata a 1884 sa'an nan duniya ta amince.

Mu nan, annobar kwalara ta iso Nijeriya a ƙarshen 1970. Da ta ɓarke a Kano a 1995 zuwa 1996, masu bincike hanyar Snow suka bi, suka tambayi waɗanda suka kamu da waɗanda ba su kamu ba abin da suka ci da abin da suka sha. Suka tarar masu shan ruwan da a ke tallansa a titi sun fi kamuwa, masu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci kuwa sun fi tsira.