Richmond Palmer: Baturen da ya canja gidan sarautar Katsina kafin ya zama Mataimakin Gwamnan Arewa

Manomin Batsari ko makiyayin da ke bakin dajin Rugu a Safana, da wuya ya taɓa jin sunan Herbert Richmond Palmer. Amma tsarin da kakanninsu suka rayu a ƙarƙashinsa, na hakimi zaune a gunduma yana tara haraji da jangali ana kaiwa Baitulmali a Katsina, akwai hannun wannan Bature dumu-dumu a ciki.

An haifi Palmer a Ingila a shekarar 1877. Ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, ya zama lauya, sannan a 1904 ya zo Arewacin Najeriya a matsayin ƙaramin Razdan, shekara guda bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato sun shiga Katsina.

Abin da ya yi a Katsina

A lokacin ƙasar Katsina tana ƙarƙashin Lardin Kano, kuma nan aka tura Palmer. Ya tarar Turawa sun riga sun tuɓe Sarki Abubakar sun naɗa Yero, dukkansu daga gidan Dallazawa, zuriyar Ummarun Dallaje da ya karɓo tuta a zamanin jihadi.

Shekarar 1906 ta zo wa Turawa da firgici, domin a watan Fabrairu ne aka yi boren Satiru kusa da Sakkwato, inda aka kashe wasu daga cikinsu. Daga nan suka ƙara sa ido kan duk sarkin da ba su yarda da biyayyarsa ba.

Palmer ya zargi Yero da ƙin ba da haɗin kai, ya nemi a tuɓe shi, aka kuma tuɓe shi. Maimakon ya koma gidan Dallazawa neman magaji, sai ya tsaya kai da fata a kan Durbi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, wanda ya saba hulɗa da Turawa tun zuwansu. A farkon 1907 aka tabbatar wa Dikko sarautar. Palmer bai cika shekara 30 ba a lokacin.

Dikko ya yi mulki har 1944, kuma zuriyarsa ce ke kan karagar Katsina har yau.

Hakimai sun koma gunduma

Kafin zuwan Turawa, da yawan masu sarauta suna zaune ne a birni kusa da sarki, jakadu ke zuwa garuruwansu suna karɓo haraji. Turawa suka yanka ƙasa gunduma-gunduma, suka ce kowane hakimi ya zauna cikin mutanensa ya riƙa ƙidaya da tara haraji da kansa. Palmer da Dikko ne suka aiwatar da wannan a ƙasar Katsina. A kan wannan tsari ne aka san Sarkin Ruma da Batsari, Yariman Katsina kuma da Safana.

A Katsina ne kuma Palmer ya fara gwada Baitulmali. Harajin da aka tara ana raba shi, wani kaso na gwamnati, wani na En'e. Daga kason En'e ake biyan sarki da hakimai da alƙalai albashi, a kuma yi wasu ayyuka. Cikin ƴan shekaru tsarin ya bazu a sauran masarautun Arewa.

Wannan ya sa an san abin da ya shigo da abin da ya fita. Sai dai ya mayar da sarki da hakimi ma'aikata masu albashi, waɗanda Razdan ke iya tuɓewa. Shi kuwa talaka, dagaci da mai unguwa sun san gidansa da garkensa, babu sauran wurin ɓuya.

Kujerar Mataimakin Gwamna

Da Lugard ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai aka ajiye babban Gwamna a Legas, kowane ɓangare kuma aka ba shi Mataimakin Gwamna, wanda ake kira Laftanan Gwamna. Charles Temple ne ya fara riƙe na Arewa, sai Herbert Goldsmith, sai William Gowers. Daga 1917 Kaduna ce mazaunin kujerar.

A takarda mataimaki ne. A aikace kuwa shi ke da Arewa. Duk Razdan-Razdan na larduna shi suke kai wa rahoto, kuma maganar naɗi ko tuɓe sarki da kasafin Baitulmali ta teburinsa take bi kafin ta isa Legas. Majalisar dokokin da aka kafa a Legas ƙarƙashin tsarin mulkin Clifford na 1922 ba ta yi wa Arewa doka, Gwamna ne ke yi, shi kuma yawanci da shawarar mataimakinsa yake aiki.

Palmer ya hau wannan kujera a 1925, bayan ya yi shekaru yana Razdan a Borno. A 1926 aka sake fasalin lardunan Arewa, aka cire Katsina daga Lardin Kano aka haɗa ta da Zariya, kafin ta samu lardinta a 1934.

Aƙidarsa ita ce a ƙarfafa sarakuna da En'e, a kuma hana ma'aikatun Legas tsoma baki a harkokin masarautu. Masu yabonsa na cewa ya kare addini da al'adun Arewa. Masu sukarsa na cewa katangar da ya taya ginawa ta bar talaka ba inda zai kai kuka, ta kuma bar Arewa a baya wajen ilimin boko.

Gwamna Donald Cameron da ya zo a 1931 bai ji daɗin yadda Kaduna ke cin gashin kanta ba. Ya yi sababbin dokokin En'e da na kotunan gargajiya a 1933, aka kuma sauke sunan kujerar zuwa Babban Kwamishina.

Ƙarshen rayuwarsa

Palmer ya bar Najeriya a 1930 ya zama Gwamnan Gambiya. Daga 1933 zuwa 1939 ya mulki tsibirin Saifurus, inda ya yi mulki mai tsauri, har mutanen can suka raɗa wa zamanin sunansa.

Ya kasance mai sha'awar tarihi. Shi ne ya fassara Tarihin Kano daga Larabci zuwa Turanci a 1908, ya wallafa Sudanese Memoirs a 1928 da The Bornu Sahara and Sudan a 1936. Masana na amfani da takardun da ya tattara, ko da yake sun yi watsi da yawancin hasashensa kan asalin ƙabilu.

Ya mutu a Ingila a 1958. Bayan shekara 18, a 1976, gyaran ƙananan hukumomi ya kawo ƙarshen En'e da Baitulmalinta. Gundumomi da sarautun hakimai kuwa suna nan, Batsari da Safana kuma kowacce ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma.