Erwin Smith: Ɗalibin Sassaƙa da Ya Ƙare a Ɗaukar Hoto

Ni dai kaboyin da na sani tun ina yaro na fim ne: malafa, bindiga biyu, harbi ba ƙaƙƙautawa. Sai a zangon karatun da ya wuce, ina neman abin da zan rubuta a kwas ɗin ɗaukar hoto, na ci karo da hotunan Erwin E. Smith, duka baƙi da fari. Ga mutane zaune a ƙasa suna cin abinci gefen keken girki, ga wasu sun danne maraƙi ana yi masa tambari da ƙarfe mai zafi, ga wani a kan doki ƙura ta kusa rufe shi. Ashe 'yan ƙwadago ne, shanun ma ba nasu ba ne.

An haifi Smith a 1886 a Honey Grove, jihar Teksas ta Amurka, ya girma a Bonham. Ya taso lokacin da waya mai ƙaya ta riga ta yanyanka filayen kiwo, ya ga cewa rayuwar makiyayan nan ta kusa ɓacewa. Sai ya ƙudurta adana ta, amma ta hanyar sassaƙa mutum-mutumi. Shi ya kai shi Shikago wajen masassaƙi Lorado Taft, daga baya ya wuce makarantar zane a Boston.

Kyamarar fa? Ya ɗauke ta ne kawai don ya riƙa tuna siffar doki da mahayinsa idan ya koma ɗakin sassaƙa. Tsakanin 1905 da 1912, duk hutu yakan koma manyan garkuna irin su Matador da LS da JA, har Niyu Meziko da Arizona, yana hawan doki da makiyayan, yana kwana inda suka kwana. Ina ganin shi ya sa ba sa ɗar-ɗar a gabansa. Gaskiya wasu hotunan shirya su ya yi, amma sirdi da igiya da gajiyar fuska duk na aiki ne. Ya ɗauki baƙaƙen fata kaboyi ma a wani biki a Bonham, waɗanda fim ya daɗe yana mantawa da su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sassaƙar da ya kashe shekaru yana koyo ba ta kai shi ko'ina ba. Ya koma Teksas ya kafa nasa kiwon, a 1917 ya karye. Duk wanda ke karanta kwas ɗin da bai tabbatar zai ci abinci da shi ba ya san zafin wannan.

Ya rasu a 1947 a Bonham, ba wani suna. 'Yar'uwarsa Mary Alice Pettis ce ta riƙe kayansa, ta ba Laburaren Majalisar Dokokin Amurka wani kaso, sauran suka koma gidan tarihi na Amon Carter da ke Fort Worth.