Likita Mila na Zariya da Littafin da Ya Bari

 Edita ya ce kowa ya kawo tarihin wani shahararren mutum da ya riga mu gidan gaskiya, ni kuwa na ɗauko wani Bature, Dokta Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Na san wasu za su ce me ya haɗa ni da ɗan mishan. To, ga dalili.

Tun da aiki ya kawo ni Kaduna na kama haya a Kakuri, kowace Lahadi da safe sai in ji ana karatu da wa'azi cikin Hausa daga majami'ar da ke bayan layinmu. Masu ibadar nan akasarinsu Bajju ne da Atyap da Jaba da mutanen Filato, 'ya'ya da jikokin waɗanda masaƙun Kakuri suka tara kafin a rufe su. Da ƙyar ka sami Bahaushe ɗaya a cikinsu. Na yi ta tambayar kaina yadda aka yi harshenmu ya zama harshen ibadarsu, bin sawun amsar ne ya kai ni ga wannan mutum.

An haifi Miller a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin fatake da mahajjata Hausawa yana koyon harshe. A can ya haɗu da wani yaro mai suna Abdulmajid, wanda daga baya ya zama ɗan gidansa. A 1900 shi da Bishof Tugwell da wasu Turawa uku suka taso daga Ikko suka nufi Kano. Sarkin Kano Alu bai ɓata lokaci ba, ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Suka koma Girku a bakin kogin Kaduna, wannan kogin dai da nake ƙetarawa kullum in zan tafi ofis, a nan ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Tafiyar ta watse, amma Miller bai haƙura ba. A 1905 ya sami gida a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta.

Abin da ya kawo shi a fili yake, wato ya mai da Hausawa Musulmi Kirista. A nan bai ci wata nasara ba. Shekara da shekaru yana fama, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Jama'ar da ya fi samu su ne Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, waɗanda suka zo wurinsa a 1913. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, sai ciwon barci ya auka musu ya kashe da yawa, aka kwaso sauran zuwa Zariya.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da ke ci mini rai a tarihinsa. Mutum ne mai kaifin baki da taurin kai, ga shi yana da fada wurin Gwamna Lugga. Ya sa Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a gaba da ƙararraki wurin Turawan mulki, kuma rahotanninsa na cikin abin da ya jawo aka tuɓe Sarkin aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924. Sarki ne malami, mawaƙi, har yau Zazzagawa ba su manta ba. Sai dai su kansu Turawan mulkin ba su tsira daga harshen Miller ba, don ya daɗe yana zarginsu da barin Arewa a baya wajen ilmin zamani. Yana kuma cikin waɗanda suka nace wa Lugga a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen boko maimakon ajami. Ko wannan gyara ne ko ɓarna, malaman Hausarmu sai su yanke hukunci, ni dai ga shi da bokon nake rubuto muku.

Makarantarsa ƙarama ce, amma a dubi waɗanda suka fito daga gidan. Akwai Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, ga asibiti nan da sunansa a Kaduna. Akwai John Tafida Umaru da ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da wasunmu suka sha bulala a kansa a aji uku. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga zuriyar Isawan nan yake. Bayan an fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa a 1929, a can Janar Yakubu Gowon ya tashi ya yi firamare.

Shi kuwa Miller Kano ya koma don ƙarasa babban aikinsa, fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya yi da taimakon wasu 'yan mishan da Hausawan da ke tare da shi. An buga shi a 1932. Don Kanawa da Zazzagawa ya yi fassarar, sai ga shi ƙabilun kudancin Zariya da Filato da Adamawa ne suka rungume ta, domin mishan-mishan da ke aiki a cikinsu sun ga ya fi sauƙi su koyar da Hausa a kan su fassara littafin zuwa harsuna barkatai. An sake sabunta fassarar daga baya, amma a kan hanyar da ya share aka bi.

Ya ajiye aikin CMS a 1935 ya tafi gida, zaman Ingila ya gagare shi, ya dawo. A Bukuru kusa da Jos ya ƙarasa kwanakinsa, ya rasu a 1952 yana da shekara 80. Na taɓa tambayar maƙwabcina, wani dattijo da ya yi aikin masaƙa har aka rufe ta, ko ya san wanda ya fara fassara littafin da yake rungumewa ran Lahadi. Ya ce bai taɓa jin sunan ba.