Nicholas Kove

Nicholas Kove (sunansa na yanka Miklós Klein, an haife shi a shekarar 1891, ya rasu a shekarar 1958) ɗan kasuwa ne haifaffen ƙasar Hungariya wanda ya ƙare rayuwarsa a Birtaniya. Shi ne ya kafa kamfanin Airfix a birnin Landan a shekarar 1939. An fi sanin kamfanin da ƙananan samfuran jiragen saman yaƙi na filastik, waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa su da gam da hannunsa sannan ya yi musu fenti. A Birtaniya sunan ya zauna a bakin mutane har ana kiran kowane irin samfurin haɗawa da Airfix, ko da wani kamfani ne ya yi shi. Samfurin jirgin da ya ɗaukaka kamfaninsa ya fito ne ba da son ran Kove ba.

Farkon rayuwa da yaƙi

An haifi Kove a ƙauyen Anarcs da ke arewa maso gabashin Hungariya, cikin iyalin Yahudawa, a zamanin da ƙasar take cikin Daular Ostiriya da Hungariya. Ya sauya sunan gidansu daga Klein zuwa Köves, kamar yadda Yahudawan ƙasar da yawa suka yi a wancan lokaci don sunan ya yi kama da na 'yan ƙasa. Daga baya, a Ingila, sunan ya gajarce ya koma Kove.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki a rundunar sojan doki ta daular. Sojojin Rasha sun kama shi suka tura shi sansanin fursunoni can gabas mai nisa. Ya tsere, ya ratsa Sibiriya, ya yi watanni a hanya kafin ya isa gida.  A shekarar 1919 ya riƙe muƙami a gwamnatin 'yan gurguzu ta Béla Kun, wadda ta yi kwana 133 kacal kafin ta faɗi. Bayan faɗuwarta aka shiga farautar 'yan gurguzu da Yahudawa, shi kuwa ya haɗa duka biyun a idon masu farautar.

Shekarun hijira

A farkon shekarun 1920 ya koma birnin Aljiyas na Aljeriya, wadda take ƙarƙashin Faransa a lokacin, inda ya yi harkar shigo da kaya da fitar da su. A shekarar 1934 ya kwashe iyalinsa zuwa Basilona a Sifaniya ya buɗe masana'antar kayan filastik. Bai cika shekara uku a can ba yaƙin basasar Sifaniya ya ɓarke a watan Yulin 1936, sai ya tsallaka zuwa Milan a Italiya. A Milan ya yi rajistar wata dabara ta ƙara wa kwalar riga tauri, ya sa mata suna Interfix. A shekarar 1938, shekarar da gwamnatin Mussolini ta kafa dokokin wariya a kan Yahudawa, ya sake ɗaukar kayansa ya nufi Landan. Yana da shekara 47 a lokacin, kuma ƙasa ta huɗu ke nan da ya bari.

Kafa Airfix

Kamfanin da ya kafa a 1939 ya fara ne da kayan wasan yara na robar danƙo waɗanda ake hura wa iska. Daga nan rabin farko na sunan ya fito, domin kalmar tana nufin iska a Turanci. Rabi na biyu kuwa ya biyo sawun Interfix. Kove ya kuma so suna mai farawa da harafin A don ya riƙa fitowa a shafukan farko na kundin 'yan kasuwa. Ke nan sunan ba shi da wata alaƙa da jirgin sama, duk da cewa mutane da yawa haka suke zato.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓata wannan kasuwa. Da Japan ta mamaye Malaya, inda Birtaniya ke samun mafi yawan robarta, sai roba ta zama kayan gwamnati, ba a barin ta ga masu yin kayan wasa. Kove ya lallaɓa da ƙananan kayan amfanin yau da kullum har yaƙin ya ƙare. Bayan yaƙin ya sayi injin zubin filastik, wato injin da ke narka ƙwayoyin filastik ya tura su da ƙarfi cikin wani ƙarfen zubi mai ɓari biyu, su huce, su fito da siffar da aka sassaƙa a cikin ƙarfen. Abin da ya fara zubawa shi ne mataji na aljihu. Zuwa 1947 Airfix ne kan gaba wajen yin mataji a Birtaniya, kuma shagunan Woolworths, masu rassa a kusan kowane gari, suna cikin manyan masu saye.

Wannan sana'a tana da wata ɗabi'a da ta shafi duk abin da ya biyo baya. Ƙarfen zubi yana da tsada ƙwarai, domin ƙwararru ne ke sassaƙa shi cikin baƙin ƙarfe mai tauri. Amma da zarar an gama shi, kowane abu da ya fito daga ciki kuɗinsa kaɗan ne. Wanda ya sayar da dubbai ya ci riba, wanda kayansa suka yi kwantai kuwa ya binne kuɗinsa a cikin ƙarfe.

Daga tarakta zuwa jirgin ruwa

A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin Harry Ferguson ya nemi Airfix ya yi masa ƙaramin samfurin taraktarsa ƙirar TE20, don dillalai su riƙa nuna wa manoma. Siffar tarakta ba ta zubuwa a dunƙule, saboda haka aka zuba ta ɓangare-ɓangare, ma'aikata suna haɗawa da hannu. Da Ferguson ya yarda a sayar da ita a matsayin kayan wasa, sai aka lura cewa in aka sayar da ɓangarorin a warwatse tare da takardar bayani, an huta da ladan masu haɗawa, kuma masu saye suna jin daɗin aikin.

A wannan tsakani lafiyar Kove ta fara ja baya, ya ɗauki Ralph Ehrmann a 1950 don ya taimaka masa da tafiyar da kamfani. Ehrmann da John Gray su ne suka tura kamfanin sosai zuwa harkar samfuran haɗawa. Na farko da aka yi don kasuwa kai tsaye, a farkon shekarun 1950, shi ne Golden Hind, jirgin ruwan da Francis Drake ya zagaya duniya da shi daga 1577 zuwa 1580. An zuba shi da filastik nau'in folistarin, wanda ya fi wanda aka yi taraktar da shi riƙe siffa. Woolworths suka ce ba za su sayar da shi sama da sule biyu ba, wato rabin farashin da aka fara yankewa. Maimakon a rage ingancin kayan, sai aka yar da akwatin kwali: aka zuba ɓangarorin cikin leda, aka manne mata wata 'yar takarda a baki mai hoton jirgin a waje da bayanin haɗawa a ciki. Wannan leda ta sule biyu, wadda kuɗin kashewar ɗan makaranta zai iya saya, ita ce ginshiƙin arzikin kamfanin.

Spitfire

Jiragen ruwan sun karɓu, sai mataimakan Kove suka kawo shawarar a yi jirgin sama. Suka zaɓi Spitfire, jirgin yaƙin da R. J. Mitchell ya zana, wanda ya fara tashi a ranar 5 ga Maris 1936, aka ƙera fiye da 20,000 nasa, kuma mutanen Birtaniya suke ganin shi ne alamar tsirar ƙasarsu daga hare-haren Jamus na 1940. Kove bai yarda zai sayu ba. An ruwaito cewa har barazana ya yi zai cire kuɗin ƙarfen zubin daga aljihun waɗanda suka kawo shawarar idan kayan suka yi kwantai. Ga mutumin da ya rasa abin hannunsa fiye da sau ɗaya, wannan tsoro ba abin mamaki ba ne, sai dai lissafinsa bai ci ba.

Samfurin farkon, wanda masu tara irin waɗannan kaya ke kira BT-K saboda haruffan da ke jikinsa, bai da wani kyau na a zo a gani. An kwaikwayo shi ne daga wani samfurin kamfanin Aurora na Amurka aka rage masa girma, ya gaji kurakuransa, siffarsa ba ta dace da ta ainihin jirgin ba a wurare da dama. Duk da haka ya sayu fiye da yadda kowa ya zata. Iyayen yaran wancan zamani su ne suka yi yaƙin, kuma gidajen sinima suna cike da labarinsa: fim ɗin The Dam Busters ya fito a 1955, Reach for the Sky, kan rayuwar matuƙi Douglas Bader, ya biyo baya a 1956.

Shawarar da ta fi tasiri ita ce ta ma'auni. An yi jirgin a kan ma'aunin 1:72, wato inci ɗaya a samfuri yana wakiltar ƙafa shida a ainihin jirgi. Fukafukan Spitfire, masu faɗin mita 11 da 'yan kai, sun koma kamar santimita 15 da rabi. Ba Airfix ne ya ƙirƙiro ma'aunin ba. James Hay Stevens ya yi amfani da shi a samfuran katako na Skybirds tun 1932, samfuran FROG Penguin na filastik suka bi shi daga 1936, kuma a lokacin yaƙi an yi samfura masu wannan girma don koya wa sojoji bambance jirgin abokan gaba da nasu. Abin da Airfix ya yi shi ne tsayawa a kan ma'auni ɗaya ga dukkan jiragensa, alhali wasu kamfanonin Amurka suna rage jirgi ko ƙara shi gwargwadon akwatin da suke da shi. Yaron da ya ajiye Spitfire kusa da Messerschmitt Bf 109 ko Stuka yana ganin bambancin girmansu na gaskiya, kuma hakan yana sa shi neman na gaba. Kafin rasuwar Kove jerin ya haɗa da Gladiator da Lysander da Hurricane da Mosquito.

Haɗawa da fenti

Ɓangarorin suna zuwa manne a jikin wani firam na filastik, wanda shi ne hanyar da narkakken filastik ya bi cikin ƙarfen zubi. Mai haɗawa yakan yanke su da wuƙa mai kaifi, ya goge bakin da samfefa. Gangar jirgin ɓari biyu ce, hagu da dama, kuma dole a zaunar da matuƙi a kujerarsa a yi masa fenti kafin a rufe ta, domin bayan nan buroshi ba zai kai gare shi ba. Gam ɗin folistarin narka fuskar filastik yake yi ya haɗe ɓangarorin biyu su zama ɗaya. Shi ya sa idan ya yi yawa yakan cinye zanen jikin jirgi, idan kuma ya taɓa gilashin matuƙi ya bar masa hazon da ba ya gogewa. Farfelar da aka yi don ta juya takan daskare saboda wannan dalili.

Fenti yana bin tarihi. Jiragen yaƙin Birtaniya na 1940 suna da kore mai duhu da ruwan ƙasa a sama, don su saje da gonaki in an hango su daga bisa, da launi mai haske a ciki. Daga 1941, da faɗan ya koma kan teku da sararin Faransa, aka maye gurbin ruwan ƙasa da ruwan toka. Masu wannan sha'awa a Birtaniya sun fi amfani da 'yan gwangwanayen fentin Humbrol na birnin Hull. A ƙarshe ake liƙa tambura da lambobi: a jiƙa takardar a ruwa, tambarin ya saki, a zame shi a hankali zuwa kan fiffike. Ta wannan hanya yara da yawa suka fara sanin sunayen rundunoni da fagagen daga tun kafin su gamu da su a littafin makaranta.

Rasuwa da makomar kamfanin

A shekarar 1957 Airfix ya fara sayar da hannun jarinsa ga jama'a. Kove ya rasu a Landan a 1958, shekarar da kamfanin ya fitar da samfurin Lancaster, babban jirgin jefa bama-bamai mai inji huɗu. Ehrmann da Gray suka ci gaba da jagoranci. Mujallar Airfix ta fara fitowa a 1960, kuma daga 1964 mai zane Roy Cross ya riƙa zana hotunan jirage a tsakiyar faɗa da ake bugawa a kan akwatunan. Shekarun 1960 da farkon 1970 su ne lokacin da kasuwar ta fi bunƙasa.

Rukunin kamfanonin Airfix ya durƙushe a 1981, kamfanin General Mills na Amurka ya sayi sashen samfuran. A 1986 sunan ya koma hannun masu Humbrol, sannan a 2006 kamfanin Hornby, mai yin ƙananan jiragen ƙasa na wasa, ya saye su duka biyun. Hornby ya ci gaba da fitar da samfuran Spitfire a ma'aunin 1:72 da 1:48 da 1:24 daga sababbin ƙarafan zubi.