Andrew Foster, Malamin Kurame

An haifi Andrew Foster ran 27 ga watan Yuni, 1925, a jihar Alabama ta ƙasar Amurka. Baƙar fata ne, ubansa kuwa mai haƙar kwal ne. Yana ƙarami yana ji sarai, yana magana, yana wasa kamar kowane yaro. Da ya kai shekara 11 sai sanƙarau ya kama shi, shi da ɗan'uwansa. Shi ne ciwon nan da kan ɓarke a ƙasar Hausa da rani, ya sanƙarar da wuya, ya kawo zazzaɓi mai zafi. Yaran biyu suka tashi daga ciwon, amma kunnuwansu sun mutu. Daga ranar Andrew bai sake jin muryar uwarsa ba.

A zamanin nan, a Alabama, ba a haɗa 'ya'yan baƙaƙe da na Turawa a makaranta ɗaya. Ko kurame ma an raba su. Aka kai Andrew makarantar kurame da makafi ta baƙaƙe a garin Talladega, inda karatun bai da zurfi. A nan ya koyi magana da hannu. Da ya zama saurayi sai ya tafi birnin Detroit, yana aiki da rana, yana karatu da dare. Akwai wata babbar makaranta ta kurame a Washinton, ana kiran ta Gallaudet. Ya nemi shiga, aka hana shi saboda launin jikinsa. Ya sake nema. A 1951 aka karɓe shi, a 1954 kuma ya fita da digiri. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami wannan digiri a makarantar.

Mutum ne mai riƙo da addinin Kirista, kuma ya daɗe yana tunanin kuramen Afirka. A 1956 ya kafa ƙungiya don wannan aiki, a 1957 ya sauka Ankara, babban birnin Gana, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai. A lokacin makarantun kurame a Afirka duka ba su fi 12 ba, mafi yawansu kuma a can arewa suke ko can kudu.

Abin da ya tarar bai yi masa daɗi ba. Iyaye da yawa suna ɓoye ɗansu kurma a cikin gida don jin kunya. Wasu suna cewa aljanu ne suka taɓa shi, wasu suna ɗaukar sa wawa. Alhali kuwa kurumta a kunne take, ba a ƙwaƙwalwa ba. Yaron da aka haifa kurma bai iya magana ba domin bai taɓa jin kalma ba balle ya kwaikwaya. Harshensa lafiya lau yake, ko da yake ana ce masa bebe. Wanda ya kurumce da wayonsa, kamar Foster, yakan riƙe maganarsa. Akwai kuma mai ji kaɗan kaɗan, wanda in an zaunar da shi a gaban aji sai ya bi darasi. Duk ana kiran su da suna ɗaya, amma kowa da bukatarsa.

Foster ya aro aji a wata makaranta a unguwar Osu. In masu ji suka tashi, sai kurame su shiga. Da 'yan yara kaɗan aka fara. Ya koya musu haruffa da yatsu, kowane harafi da yadda ake lanƙwasa hannu. Sai ya nuna abu, ya yi alamarsa, ya rubuta sunansa a allo. Yaron da ya shekara goma bai san yana da suna ba, sai ga shi yana rubuta sunansa da alli. Labari ya bazu, iyaye suka yi ta kawo 'ya'yansu har wuri ya kasa, aka mai da makarantar garin Mampong.

A 1960 ya buɗe makaranta a Badun, cikin Najeriya, daga baya a Kaduna da Inugu. A Najeriya ya auri Berta, Bajamushiya, ita ma kurma ce, suka ci gaba da aikin tare. Ba shi ya kawo wa Hausawa magana da hannu ba. Tun kafin zuwansa kuramen Kano suna da tasu maganar hannu, da ita suke hira da ciniki. Abin da ya kawo shi ne aji da allo da littafi.

Daga 1974 ya juya ga ƙasashen da ake karatu da Faransanci. Ya fara da Abijan. A 1976 ya buɗe makarantar kurame a Lome, ana kiran ta Ephphatha, wato buɗe. Shekara ɗaya ke nan kafin a tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari. Daga nan sai Cadi, Sanigal, Benin, Kamaru, Barkina Faso da sauransu. Dabararsa ita ce, a kowace ƙasa sai ya zaɓi samari, da yawansu kurame, ya kai su Badun su koyi aikin malanta, su koma gida su riƙe makarantar da kansu. Ya fi son yaro kurma ya ga babban mutum kurma tsaye a gaban allo. Shi ya sa har yau alamun da kuramen Lome ke yi a makaranta sun yi kama da na Amurka, amma kalmomin da suke rubutawa na Faransanci ne.

Shekara 30 ya yi yana yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. Ya buɗe makarantu sama da 30 a ƙasashe 13. Ran 3 ga watan Disamba, 1987, ya shiga wani ƙaramin jirgin sama, jirgin ya faɗi a ƙasar Ruwanda. A nan ya rasu, yana da shekara 62. A makarantar Gallaudet, wadda ta taɓa hana shi shiga, akwai babban ɗakin taro da aka sa wa sunansa.